Teburin Jarida a Wunti

Shekara ashirin da uku ina shimfiɗa jarida
a gindin darbejiyar nan ta Wunti,
ina danne ta da duwatsu kada iska ta kwashe.
Bokona bai yi nisa ba,
amma babban rubutun sama ba ya wuce ni.

Ranar Talata aka sauke ɗauri daga motar Jos.
Na yanke igiya, sai ga unguwarmu a shafin farko:
"Rikicin addini ya ɓarke a Yalwa."
Ni kuwa a Yalwa na kwana.
A Yalwa na sha kokon safe.

Ga yadda aka yi, in akwai mai tambaya:
Habila mai walda yana bin Ɗalhatu mai kurar ruwa
dubu biyu da ɗari bakwai, kuɗin liƙin ƙarfe.
Aka yi cacar baki, aka ci kwalar juna,
janareta ya kife, fetur ya malale, rumfa ta kama.
Wanda ya kashe wutar da ruwan sayarwarsa
shi ne dai Ɗalhatun.

Mai rubutu yana can inda ake kunna sanyi a ofis.
Ya bugo waya, tambayarsa ɗaya:
nawa na coci, nawa na masallaci?
Kamar dillali yana ƙirga awaki a kara.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Wanda ya faɗi haka bai taɓa sayar da jarida ba.
Kafin azahar ƙanwata ta kira daga Azare tana kuka.
Motar burodi ta juya daga bakin gada.
Da dare maƙwabta suka kwanta da takalmi a ƙafa,
adda ta yi tsada a kasuwa.

Laraba wani Bature ya zo a jif, awa biyu ya yi.
Keziya ce ta nuna masa hanya,
ita ta juya masa maganar tsofaffi,
har jakarsa ta riƙe masa ya ɗauki hoton toka.
Da labarin ya fito, sunansa ne a sama.
Nata ko a ƙasa babu.

Keziya, 'yar jaridar mako-mako mai shafi takwas,
wadda ake bugawa a kan bashi.
Rikodarta da robar ɗaure kuɗi take riƙe.
Kwana uku tana zarya a Yalwa,
ta zauna kan turmi a gidan uwar Habila,
ta tambayi Ɗalhatu yadda ake rubuta sunansa,
da ƙugiya a kan harafin farko.
Ba ta tambayi kowa inda yake fuskanta in zai yi addu'a ba.
Edita ya sa labarin a shafi na bakwai,
ƙarƙashin tallar maganin basir.

To, ni ba ni da injin buga takarda.
Tebur gare ni, da duwatsu.
Na buɗe tata a shafi na bakwai, na ninke,
na ɗora ta a kan manyan,
na danne da dutsen da ya fi kyau.
Masu karatun tsaye na ce musu:
waccan ku karanta kyauta, wannan ku biya,
mai ita a ƙafa take zuwa aiki.

Da yamma Ɗalhatu ya tsayar da kurarsa,
na karanta masa tun daga farko.
Ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce,
"Jarka goma sha uku na zuba, ba sha biyu ba."

Na gaya wa Keziya.
Mako na gaba ta buga gyara, layi biyu, da ban haƙuri,
saboda jarka ɗaya.

Manyan kuwa, har yau ina yanke igiya ina dubawa.
Habila ma har yau yana jiran kuɗinsa.